Daren Matapan: Yaƙin Giwayen Teku da Abin da Ya Haɗa Shi da Ƙasar Kano

Na san wasu cikinku za su yi dariya in sun ga ɗan Rogo Sabon Gari ya zaɓi ya yi rubutu a kan yaƙin teku, alhali ruwa mafi girma a duk yankinmu shi ne na madatsar Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda kwalekwalen masunta ne kaɗai ke yawo a kanta. To, a yi haƙuri a biyo ni. Yaƙin da zan ba da tarihinsa an gwabza shi ne a daren 28 ga Maris 1941, wayewar 29, a cikin Bahar Rum, daura da wani tsinin ƙasa da ke can kudancin Girka mai suna Matapan, tsakanin rundunar ruwa ta Ingila da ta Italiya. Da nisa kam, amma igiyar da ta ɗaure shi da ƙasar Kano ba siririya ba ce.

Musolini ya shigar da Italiya Yaƙin Duniya na Biyu a gefen Hitila ranar 10 ga Yuni 1940, daidai lokacin da Faransa ke faɗuwa. Daga ranar nan Bahar Rum ya zama hanyar da jiragen kayan Ingila ba su iya bi cikin aminci, domin Italiya tana zaune ne a tsakiyarsa kamar mai gadin ƙofa. Ga kuma sojan Ingila a Masar suna tsaron mashigin Suwez, suna bukatar jiragen sama. Dabarar da aka yi ita ce, a kawo jiragen cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Gana, a harhaɗa su a can, sa'an nan matuƙa su tashi da su zango-zango: Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yanzu, sai Sudan, har Alƙahira. An fara wannan jigila a Satumba 1940, kuma kafin a daina jirage sama da 5,000 sun bi hanyar. Wato filin jirgin saman Kano ya sami babban matsayinsa ne saboda rufewar wancan teku. Dattijan da suka ga jirage suna sauka a birni zamanin Sarki Abdullahi Bayero, suna kallon reshen yaƙin Bahar Rum ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Igiya ta biyu ta fi wannan kauri. Shugaban rundunar ruwan Ingila a Bahar Rum shi ne Admiral Andrew Cunningham. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, Janar Alan Cunningham, shi ne a lokacin yake jagorantar sojan da suka taso daga Kenya don su kori Italiya daga Somaliya da Habasha, kuma cikin waɗanda ke kan gaba akwai Birged ta 23, ta Nijeriya, wadda akasarin dakarunta 'yan Arewa ne, rundunar da Hausa ta daɗe tana zaman harshen barikinta. Su ne suka shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, suka miƙa arewa, suka ci tafiyar kimanin mil 1,000 cikin wata guda, suka fasa mashigin Marda, suka shiga Harar a makon ƙarshe na Maris. A duba kwanan watan da kyau. A mako guda, wa yana farautar Italiya a kan ruwa, ƙane yana korar ta a kan tudu da ƙafafun kakanninmu. Yaƙi ɗaya ne, abokin gaba ɗaya.

Kafin mu shiga ruwa bari in bambanta jiragen, don kada sunaye su rikita mu. Mafi girma su ne waɗanda zan kira giwaye: ƙaton jirgi mai sulken ƙarfe, mai igwoyi masu faɗin baki inci 15. Harsashi guda na igwar giwar Ingila ya kusa kilo 880, wato nauyin buhunan masara tara, kuma ana iya jefa shi nisan da ido ba ya gani sosai. Sai matsakaita, kuruza, masu sauri amma marasa kaurin sulke. Sai ƙanana, distiroya, 'yan rakiya, waɗanda makaminsu shi ne tofido, nakiyar nan mai gudu a ƙarƙashin ruwa ta fasa cikin jirgi. Sai kuma sabon shiga a zamanin, jirgi mai ɗauke da jiragen sama a bayansa.

A watan Maris 1941 Ingila tana kwasar soja kusan 60,000 daga Masar zuwa Girka, don ta taimaka wa Girkawa da Musolini ya auka wa tun Oktoban 1940. Jamus ta matsa wa Italiya lamba a kan ta fito da rundunarta ta datse wannan jigila. Har Jamusawa suka ba da tabbacin cewa jiragen samansu sun illata giwaye biyu na Ingila, saura guda ɗaya ke nan a Iskandariya, suka kuma yi alkawarin rakiya ta sama. Maganar farko ba gaskiya ba ce, alkawarin kuwa bai cika yadda ya kamata ba. A kan wannan tubali Admiral Angelo Iachino, wanda ake furta sunansa Yakino, ya fito daga Napoli ranar 26 ga Maris a cikin Vittorio Veneto, sabuwar giwa fil, mai igwoyi tara, mai nauyin sama da tan 40,000, mai gudun kusan mil 35 a awa. Tare da shi akwai kuruza takwas da distiroya fiye da goma.

Giwayen Cunningham uku kuwa, Warspite da Barham da Valiant, tsofaffi ne, dukansu sun halarci yaƙin Jutland na 1916. Barham ma ya taɓa zuwa Afirka ta Yamma, don yana cikin waɗanda suka yi musayar wuta da Faransawa a Dakar a Satumba 1940. Ba ɗayansu da zai iya kamo Vittorio Veneto a guje. Amma Cunningham yana da abin da Yakino ba shi da shi. A wani gida mai suna Bletchley Park a Ingila, inda aka tara masu warware saƙonnin asiri, wata yarinya 'yar shekara 19, Mavis Lever, da abokan aikinta sun karya sirrin na'urar da rundunar ruwan Italiya ke rufe saƙonninta da ita. Suka karanta wani gajeren saƙo mai nuna cewa saura kwana uku a yi wani babban abu, daga baya kuma cikakken tsarin ya biyo. Ke nan tun jiragen Yakino ba su gama ɗaga anka ba, labarinsu ya isa Iskandariya.

Abin da Cunningham ya yi da labarin shi ne ya fi burge ni. Ya san in ya fito a fili, Italiya za ta gane ana karanta wasiƙunta, ta canza makulli. Saboda haka aka tura jirgin sama na leƙen asiri ya je ya “gano” jiragen Italiya ranar 27, don a ce da ido aka gan su. Shi kuwa da rana ya sauka gari da sandunan wasan golf da 'yar akwatin kwana, ya je filin wasa inda ya san ƙaramin jakadan Japan na zuwa, mutumin da ake zargi yana kai rahoton motsin jirage. Kowa ya ga Admiral ya zo hutawa. Da duhu ya yi ya sulale ya koma Warspite, rundunar ta fice daga tasha, tare da Formidable mai ɗaukar jiragen sama. Wajen fita Warspite ya kwashi laka a na'urorin sanyaya injinsa, gudunsa ya ragu, abin da ya ƙara jinkirta su washegari.

Abin da ya faru da rana ranar 28 ba sai na daɗe a kansa ba. Da safe kuruza huɗu na Ingila ƙarƙashin Admiral Pridham-Wippell suka haɗu da na Italiya kusa da tsibirin Gavdos, kudu da Kirit, aka yi harbe-harbe daga nesa. Wajen ƙarfe 11 Vittorio Veneto ya ɓullo musu ya buɗe wuta, suka tsere cikin hayaƙi da ƙyar. Sai jiragen saman Formidable suka iso. Ba su same shi ba, amma Yakino ya gane cewa akwai mai ɗaukar jiragen sama kusa, shi kuwa samansa a buɗe yake, don haka ya juya ya nufi gida. Bayan ƙarfe 3 na yamma aka sake kawo hari. Wani matuƙi, Dalyell-Stead, ya matso kusa ƙwarai kafin ya saki tofidonsa, aka harbo shi, ya mutu tare da mutum biyu da ke cikin jirginsa, amma tofidon ya sami giwar a baya kusa da farfela. Ruwa kimanin tan 4,000 ya shiga. Jirgin ya tsaya cik, injiniyoyinsa suka yi ta fama har ya sake motsi. Da almuru aka kawo hari na uku. Giwar ta tsira, amma tofido ya sami kuruza Pola a tsakiya, wuta ta ɗauke, injuna suka mutu, ya tsaya a kan ruwa da mutanensa sama da 1,000.

A nan ne shugabannin biyu kowa ya yanke shawarar da ta yanke hukuncin daren. Yakino ya ɗauka giwayen Ingila suna can nesa ƙwarai, in ma sun fito. Ya umarci Admiral Carlo Cattaneo ya koma da kuruza biyu, Zara da Fiume, da distiroya huɗu, su jawo Pola. Cattaneo ya kawo shawarar a tura distiroya biyu kawai, amma umurni ya tsaya yadda yake, ya juya ya tafi. Mu da ke aikin gwamnati mun san wannan hali: na ƙasa ya rubuta shawararsa a fayil, na sama ya ja layi a kai, sa'an nan na ƙasan ne zai je ya aiwatar. Bambancin kawai shi ne a nan rayuka ne a cikin fayil ɗin. Duk da haka ba na ganin daidai ne a ɗora wa Yakino laifin duka. Barin jirgi da mutum 1,000 a tsakiyar teku ba abu ne mai sauƙi ba, kuma bayanan da ke gabansa gurɓatattu ne tun daga tushe. Laifinsa, a ganina, shi ne ya yarda da abin da ya fi so ya zama gaskiya.

Shi ma Cunningham manyan jami'ansa sun ba shi shawarar kada ya shiga yaƙin dare, domin a cikin duhu ƙaramin distiroya yana iya kashe giwa da tofido guda, kuma gari na wayewa za su kasance kusa da filayen jiragen saman abokan gaba. Ya yi musu faɗa, ya ce zai je ya ci abinci tukuna. Da ya dawo ya ce a ci gaba. Ba ganganci ba ne. Tun bayan Jutland, inda rundunar Jamus ta kuɓuce wa Ingila cikin dare, sojan ruwan Ingila suka shafe shekaru suna atisayen faɗan dare, shi kansa Cunningham yana cikin waɗanda suka horar da su a Bahar Rum a shekarun 1930. Ga kuma na'urar rada a wasu jiragensa, ciki har da Valiant, mai aika igiyar rediyo ta bugi ƙarfe ta dawo ta faɗi nisan abu ko a baƙin duhu. Italiya ba ta da ita. Koyarwarsu ma ita ce manyan jirage ba su yin faɗa da dare, saboda haka igwoyin Zara da Fiume suna miƙe gaba da baya kamar a tasha, mutane kuwa suna ta shirya igiyar ja. Distiroya huɗun nan da ya kamata su wuce gaba su leƙa hanya, a baya suke biye.

Bayan ƙarfe 10 na dare rada ta Valiant ta nuna wani babban jirgi a tsaye, mil kaɗan daga gare su. Pola ne, amma Turawan Ingila sun yi fatan giwar ce. Suna matsowa, duk ido yana gefen hagu, sai shugaban ma'aikatan Cunningham, Edelsten, da ke duban gefen dama da madubin hangen nesa, ya ce ga wasu manyan jirage suna gilmawa a gabansu. Jiragen Cattaneo ne. A lura, ido ne ya fara ganinsu, rada ta kawo su wurin ne kawai. Nan take aka jera giwayen uku a layi, aka umarci Formidable ya kauce, igwoyi suka juya. Tsakaninsu bai wuce yadi 3,800 ba, wato mil biyu da 'yan kai, alhali waɗannan igwoyi an ƙera su ne don harbin abin da ke nisan mil goma sha wani abu. Kamar a ɗora wa mutum bakin bindiga a ƙirji ne.

Distiroya Greyhound ya kunna babbar fitilarsa, hasken ya sauka a kan Fiume. Wajen ƙarfe 10 da minti 27 Warspite ya saki wuta, Valiant da Barham suka bi. Waɗanda suka gani sun ba da labarin yadda ɗakunan igwa, masu nauyin tan ɗari da wani abu, suka tuge suka faɗa ruwa, jiragen suka kama da wuta daga goshi har wutsiya. Abin bai kai minti biyar ba. Zara da Fiume ba su mayar da harbin babbar igwa ko ɗaya ba. Cikin masu riƙe da fitilun Valiant a daren akwai wani saurayi ɗan shekara 19, ɗan gidan sarautar Girka, mai suna Filip, har aka ambaci sunansa a rahoton yabo. Shi ne ya zo ya auri Sarauniya Elizabeth, ya rako ta Nijeriya a 1956, suka kalli hawan daba a Kaduna, suka zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya. Iyayenmu da suka je kallon Sarauniya sun ga ɗaya daga cikin mutanen Matapan.

Daga nan Cunningham ya janye giwayensa don gudun tofido, ya bar wa ƙananan jirage sauran aikin. Distiroya biyu na Italiya, Alfieri da Carducci, aka nutsar da su, biyu suka tsere. Fiume ya nutse kafin tsakar dare, Zara kuwa sai wajen ƙarfe 2 da rabi, kuma Cattaneo bai tsira ba. Pola, wanda saboda shi aka yi duk wannan, yana nan tsaye yana kallon wutar daga nesa. Jirgin Ingila Jervis ya raɓe shi ya kwashe mutum 257 da suka rage a ciki, sa'an nan aka nutsar da shi wajen ƙarfe 4 na asuba. An yi ta yaɗa cewa an tarar da su a buge, aka mai da abin abin dariya a jaridun Ingila. Bayanin da ya fi dacewa da hankali shi ne, da yawansu sun faɗa ruwan sanyi suna zaton jirgin zai nutse, suka dawo suna rawar ɗari, suka sha abin da suka samu don su ji ɗumi. Vittorio Veneto kuwa, wanda shi ake nema, ya isa Taranto.

Italiya ta rasa kuruza uku, distiroya biyu, da mutum kimanin 2,300. Ingila ta rasa mutum uku, wato matuƙin nan da abokansa. Da gari ya waye jiragen Ingila suka tsamo kimanin mutum 900 daga ruwa, sai jiragen saman Jamus suka ɓullo, dole suka bar sauran. Cunningham ya aika wa hedikwatar rundunar ruwan Italiya saƙo a buɗe, ya faɗa musu daidai inda mutanensu suke, su kuwa suka amsa da godiya suka turo jirgin asibiti Gradisca, wanda ya sami mutum 160 da rai bayan kwanaki. Da yawa sun mutu a kan katako suna jira. Wannan ɓangaren ba a cika ba shi fili a littattafan da suka fi son ƙirga jirage ba.

Mene ne amfanin nasarar? A watan Afrilu Jamus ta mamaye Girka, Ingila ta kwashe soja kimanin 50,000 ta ruwa, a watan Mayu kuma ta sake kwashe na Kirit. A duk wannan, manyan jiragen Italiya ba su fito sun tare hanya ba, ga tsoron abin da ya faru, ga ƙarancin man fetur. Da sun fito, da wuya a ce rabin mutanen nan su koma Masar. Amma kada a ɗauka nasarar ta daɗe. A Kirit jiragen saman Jamus sun nutsar da Greyhound, mai fitilar nan, da kuruza Gloucester, sun kuma illata Warspite da Formidable. Ranar 25 ga Nuwamba 1941 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da Barham da mutum sama da 800. Ranar 19 ga Disamba kuma Italiyawa shida, a kan tofido uku da ake hawa kamar doki, suka kutsa cikin tashar Iskandariya da dare suka dasa nakiya a ƙarƙashin Valiant da Queen Elizabeth, suka nakasa su na watanni. Duk wanda ya ce sojan ruwan Italiya matsorata ne, sai ya bayyana mana mutum shidan nan. Abin da suka rasa a Matapan shi ne rada, da rakiya ta sama, da sirri.

Sirrin ma ba su san sun rasa shi ba. Shekara da shekaru a Italiya ana zargin cin amana, ana nuna wa juna yatsa, Yakino kuma ya rubuta littattafai yana kare kansa. Sai a shekarun 1970 Ingila ta fara bayyana aikin Bletchley Park. Cunningham ya rasu a 1963 bai faɗa ba, Yakino a 1976, Mavis kuwa ta rayu har 2013.

Zamanin giwaye kansa bai daɗe ba bayan wannan. Karo na ƙarshe da giwa ta harbi giwa shi ma da dare ne, a mashigin Surigao na ƙasar Filifin, 25 ga Oktoba 1944, inda Amurka ta nutsar da Fuso da Yamashiro na Japan. Vittorio Veneto ya ƙare yaƙin a tsare cikin wani tafki na mashigin Suwez bayan Italiya ta miƙa wuya a 1943, daga baya aka yayyanka shi. Warspite ana jan sa zuwa mayankar ƙarfe a 1947 ya kuɓuce ya maƙale a gaɓar Cornwall, a can aka farfasa shi. Su kuwa mutanenmu da suka shiga Harar, bayan faɗuwar Adis Ababa ranar 6 ga Afrilu 1941 an komo da su gida, aka sake tsara su, birged ɗin ta shiga Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. A 1944 aka sake loda su a jiragen ruwa, wannan karon zuwa Indiya, daga can kuma dazuzzukan Bama.